Igiyoyi Shida a Hannun Hollis

Faɗa mafi muni da muka taɓa yi da ƙanena Hollis Tackett a kan haƙora ne. Ina tsaye ina juya wake a tukunya ya shigo kicin da tawul a baki, kumatunsa sun haye kamar wanda rina ta yi wa taron dangi. Na ɗauka doki ne ya shure shi, don wannan ba baƙon abu ba ne a gidanmu. Sai da ya zauna ya cire tawul ɗin na ga dasashi jajur, sama da ƙasa. Haƙora lafiyayyu irin na mahaifiyarmu, waɗanda yake ɓalle murfin kwalba da su. Da ƙafarsa ya je wurin likitan haƙori ya ce a fizge. Lokacin ko arba'in bai cika ba.

Na tambaye shi ko taɓuwa ya yi. Ya yi ta gunguni da auduga cike da baki har na tsinci abin da yake nufi. Wai kyawawan samari masu hawan doki sun yi wa Hollywood yawa, ko tsakuwa ka jefa a kan ɗaya za ta sauka. Abin da babu shi ne tsohon da zai tuƙa keken fasinja mai dawaki shida a guje. Tsoho na gaske ba shi da ƙarfin, saurayi ba shi da fuskar. To shi zai zama tsohon.

"Da ka bari tsufan ya zo da kansa," na ce masa. "Ba a aika masa goron gayyata, kuma ban taɓa jin gidan da ya tsallake ba."

Ya ce ba shi da lokacin jira, kuma ni ce ta ƙarshe da ya kamata ta yi magana, tunda sana'ata ke nan: in ɗauki sabuwar riga in mai da ita tsumma. Na ce riga ba ta cin tuwo. Ranar na sauke waken, na soya masa naman sa mafi tauri da na samu, na haɗa da gasasshiyar masara, na ajiye a gabansa. Mun daɗe ba ma magana sai ta bakin kare. In ce wa kare, je ka gaya wa maigidanka abinci ya nuna. Shi kuma ya ce wa kare, gaya wa uwar ɗakinka gishiri ya yi yawa.

Mu mutanen gabashin Oklahoma ne. Babanmu alfadarai yake tuƙawa, yana jan katako da bututun masu haƙar mai. Ni ce babba, gonar auduga ta cinye ƙuruciyata, ban taɓa zama a aji ba. Hollis aka tura makaranta, amma karatun da ya zauna masa shi ne na Baba. Tun kansa bai kai tsawon ƙafar keke ba aka ɗora shi a kujera aka cusa masa igiyoyi a hannu. Dawaki shida ana ɗaure su biyu-biyu, igiyar linzami uku a kowane hannu, kowace da nata gurbin tsakanin yatsu. Ba ja ake yi gaba ɗaya ba. Ɗan yatsa ɗaya ya sassauta wannan, wani ya tsuke waccan, na gaba su juya kafin na baya su san an zo kwana. Mutum ɗari za su iya hawan doki, da ƙyar ka samu ɗaya da ya iya wannan.

Da gona ta ƙi, mijina Yandell kuma ya rasu, muka ɗauko Baba muka taho Newhall, kusa da duwatsun da ake ɗaukar finafinan kaboyi. Hollis ya shiga sahun masu tsayuwa a bakin titi da manyan huluna suna jiran a ɗebe su aikin yini. Ya mutu a fim har ya gaji da mutuwa. Yau yaron bos ne akta ya harbe shi daga kan rufi, gobe ya sauya hula ya dawo a sake harbe shi a bakin rijiya. Ni kuma na samu aiki a ɗakin sutura. A kawo riga daga shago tana ƙamshin sabunta, in jiƙa ta a ruwan shayi, in kankare gwiwar hannu da magogin ƙarfe, in shafa mata maiƙo da ƙasa, ta fito kamar an shekara goma ana kwana da ita.

Dabarar haƙoran ta ci, wannan ba zan hana shi ba. Ya tara gemu, ya koyi tafiya a duƙe, aiki ya riƙa biyo shi har gida. Fuskarsa kowa ya san ta, sunansa babu wanda ya riƙe. Shi ne tsohon direban nan mai kwalba a aljihu, wanda hannunsa ke rawa in zai sha kofi, ya kira akta da sunan wani, ya tsaya tsakiyar magana ya manta inda ya nufa. Amma da ya hau kujera ya kama igiya sai ka ga wani mutum daban, kuma abin da mutane ke biya su kalla ke nan. Bai taɓa yarda wani ya yi tuƙi a madadinsa ba. Manyan taurari ana sa musu wani ya faɗo daga doki, su kuma su tashi suna kakkaɓe riga. Hollis yakan ce furfurar gemunsa hoda ce, giyar kwalbarsa shayi ce, duwatsun ma wani lokaci fenti ne, amma dawakin na gaske ne kuma shi ke riƙe da su.

Abin da ban yafe ba shi ne inda ya samo tsohon. Ranar da na fara ganinsa a silima, jama'a na ta ƙyaƙyata dariya, ni kuwa Baba na gani. Rawar hannun nan ta Baba ce. Yadda yake laluben aljihu yana neman abin da ke ɗaya hannun, yadda yake tsayawa baki buɗe ya kalli mutum kamar yana roƙon a gaya masa ko shi wane ne, duk na Baba ne a shekarunsa na ƙarshe, lokacin da nake ba shi abinci da cokali, Hollis na zaune a gefe yana kallo. Ashe ba tausayi kaɗai ya zaunar da shi ba, hadda yake yi. Na fita tun fim bai kai rabi ba. Da na yi masa magana ya ce Baba bai bar mana gado ba sai wannan, ko in binne shi tare da shi ne?

Ya yi aure sau ɗaya. Lorene sunanta, mai aiki a kantin magani. Kamfani ya hana shi sa haƙoran roba ko aske gemu in zai shiga jama'a, don kada a ɓata wa 'yan kallo tsohonsu. Duk inda suka je sai a ce mata Allah ya yi miki albarka da kike kula da kakanki. Ta jure iya jurewarta, ta tattara ta koma wurin 'yan'uwanta a Fresno. Ban ga laifinta ba. Ni na dawo da kayana gidansa, muka ci gaba da faɗanmu daga inda muka tsaya.

Da silima ta fara gajiya da kaboyi, talabijin ya ɗauka. Abokansa da yawa sun koma wankin mota da gadin masana'anta, shi kuwa ya faɗa cikin wani shiri na mako-mako a kan kamfanin keken fasinja, aka sa masa suna Kawu Jubal. Sunan ya bi shi har coci. Fasto kansa ya taɓa cewa Kawu Jubal ya yi mana addu'ar rufewa. A lokacin ya wuce sittin, gemun da ake shafa wa hoda ya yi fari don kansa, mai kwalliya ta daina zana masa tamoji.

Akwai wata al'ada tsakanin mahaya da duk mu da muke aiki da su: ba a kai ciwon mutum ofis. In ofis ya ji, likitan inshora zai zo, ya duba ka, ya ja layi a kan sunanka, shi ke nan ba mai sake kiranka. Saboda haka kowa rufa wa kowa yake yi. Ni kaina na ɗaure haƙarƙarin da ya karye a ƙarƙashin riga ba sau ɗaya ba, na tsaga takalmi ta baya don ƙafar da ta kumbura ta shiga. Wanda ya kai ƙara, ko gaskiya ya faɗa, ba mai sake zama kusa da shi a teburin cin abinci.

A gida na fara gani. Wata safiya ya kira ni Mama, na ce wasan ya tsaya a wurin aiki, nan ba mai biyansa. Bai yi dariya ba. Ya zuba gishiri a kofi, ya sha, bai ji bambanci ba. Kofin yana kaɗawa a hannunsa na hagu, kuma ba irin kaɗawar da yake yi wa kyamara ba, don waccan yakan tsayar da ita da zarar an ce a tsaya. Wannan ba ta jin a tsaya.

A wurin aiki kuwa kasuwarsa ce ta buɗe. Wata rana ana ɗauka, akta ya gama maganarsa, saura Hollis ya amsa. Ya kalli akta, ya kalli dawaki, ya kalli duwatsu, sannan a hankali ya ce, "Ɗana, ina muka nufa ne?" Ba ya cikin takarda. Masu fitila suka fashe da dariya, darakta ya dafe ciki ya ce kada a taɓa, a bar shi haka. Daga nan marubuta suka riƙa sa masa ita kowane mako, yara a titi suna binsa suna cewa ina muka nufa ne, Kawu. Ni ina tsaye da allura a bakina ranar, na ga idonsa. Da gaske yake tambaya.

Ana haka ya kawo mini safar hannunsa ta fata. Sai da ya yi ta kewaye-kewaye, ya yabi miyar jiya, abin da bai taɓa yi ba, sannan ya ce yana so in ɗinka masa ɗan maɗauki a tafin ta hagu, wanda igiyar dawakin gaba za ta ratsa ta ciki, don ta daina zamewa. Na ce ya matse yatsana da ƙananan yatsunsa biyu. Ya ƙi. Na ce ko jaririn da aka haifa a gidan direba ya san ba a ɗaure igiya a jiki, don in keke ya kife dawaki za su ja ka har sai sun gaji. Ya ce bai zo neman wa'azi ba, ɗinki ya zo nema.

"Yaya, shekara ɗaya ta rage a kwantiragin nan. Ki rufa mini kamar yadda kika rufa wa bare."

"Bare kansa kaɗai zai karya," na ce. "Kai mutane kake ɗauka."

Ya ɗauki safarsa ya fita. Da na je jera kayan wasa washegari na tarar ya yi ɗinkin da kansa, da zaren takalmi, a karkace kamar tafiyar mashayi. Na warware. Ya sake. Na sake warwarewa. Ya koma ajiye safar a mota.

Abin da ya hana ni barci shi ne shirin da ake yi na ƙarshen wata: keke zai gangaro ta tsohuwar hanyar dutse a guje, 'yan fashi na binsa, akwai kwana a tsakiya wadda ƙasanta rami ne. Cikin keken za a zuba fasinjoji, mata uku da dogayen siket da ɗamarar ciki, irin kayan da ko wuta ta kama ba ka iya tsalle da su. Ni zan sa musu. Ɗaya daga ciki, Nadine, juna biyu ne da ita tana ɓoyewa, ni na saki rigarta a ƙugu ban gaya wa kowa ba.

Na karya al'ada, na je wurin darakta. Yaro ne mai hankali, ɗan boko, ba mugu ba. Ya ba ni kujera, ya saurare ni har ƙarshe. Na gaya masa gishirin, na gaya masa Mama, na gaya masa hannun. Yana ji yana murmushi, da na gama sai ya ce, "Iya Ozella, ai wannan shi ne gwanintarsa. Tun ina ɗan makaranta yake wannan rawar hannun. Yau har ke ya ruɗa?" Ya ƙara da cewa zai ba marubuta labarin gishirin, zai yi kyau. Kuma sun sa shi. Mutumin da ya shekara ashirin da wani abu yana ƙaryar ciwo, ranar da ciwon ya zo ba shi da kalmar da zai faɗa da ba a riga an yi mata dariya ba.

Sai na nufi barga wurin Cletus Mabry, shugaban masu kula da dawaki. Tare suka tsaya a bakin titi da Hollis tun suna samari. Yana gyaran kofato, bai ɗago ba. Ya ce ya sani, ya riga ni sani, shi ya sa tun bazara yake ɗaura masa dawakin da ko bindiga aka harba a kunnensu sai sun gama hamma. Na ce dawaki masu sanyi ba su san kwana ba. Ya ce shi dai ba zai kai abokinsa ofis ba, in an ja wa Hollis layi ba zai kai Kirsimeti ba. Na ce to ni zan je wurin likitan inshora da ƙafata, shi ba ya kallon talabijin, guduma yake bugawa a gwiwa.

Ya ajiye kofaton. Ya kira ni da wani suna da ba zan maimaita ba, na mayar masa da wanda ya fi shi. Da muka huce sai ya ce akwai hanya ɗaya, amma a ganinsa kora ta fi ta mutunci. Ita ce wadda ake yi wa taurarin da ba su iya tuƙi ba. A ƙarƙashin kujerar direba akwai akwatin kaya mai murfin fata. Mutum yakan kwanta a ciki rub da ciki, yana leƙe ta wata 'yar tsaga, igiyoyin gaske su bi ta ƙasa su zo hannunsa. Na saman kuma a ba shi wasu igiyoyin, a ɗaure su a zoben ɗamarar dawaki maimakon linzami. Daga nesa ba ka bambancewa. Hollis ya sha kwanciya a akwatin nan saboda wasu, ya fito yana yi musu ba'a.

"Amma da sharaɗi, Ozella," in ji Mabry. "Kin san ba ya hawa sai ya zagaya dawakinsa. Hollis ɗin da na sani tun daga ƙofar barga zai hango igiya a zobe. In ya gani, zan kwance a gabansa in ba shi haƙuri, ke kuma ki ja bakinki ki rufe har abada."

Na ce na yarda. Ban taɓa son in faɗi a musu ba sai ranar.

Ranar ɗauka rana ta take, kowa na wurin. Hollis ya fito da rigar da na tsufar masa, ya fara zagayensa. Ya shafa wuyan na gaba, ya kira shi da sunan wani alfadarin Baba. Ya ja ɗamara ya ji ƙarfinta. Ya ɗora hannunsa a kan zoben, a kan ƙullin kansa, ya ɗan tsaya. Na ga Mabry ya daina tauna tabarsa. Sai Hollis ya daddaɓa bayan dokin ya wuce na gaba. Ya gama da duka shidan, ya hau. Mabry ya tofar da tabar, bai kalle ni ba, ya zagaya ta baya ya shige akwatin. Shi ma fa ya ba sittin baya.

Keken ya gangaro kamar an zana. Ya sha kwanar, ƙafar baya ta ɗan ɗaga ta dawo, ƙura ta tashi, darakta na tsalle. Nadine ta fito tana gyara hula. Aka yi ta tafi. Hollis ya sauko a hankali, fuskarsa fara fat, ya ɗaga wa jama'a hula, ya wuce bayan wani dutse ya yi amai. Na ɗauka zafin rana ne.

Haka aka ƙare shekarar. Duk fitar da keke zai yi, Mabry na ciki. Masu barga sun sani, masu fitila sun sani, daga baya darakta ma ya sani ya yi kamar bai sani ba, tunda shiri na tafiya. Ba wanda ya gaya wa Hollis. Ni kuwa teburin cin abinci ya yi mini faɗi. Mutanen da na ɗaure wa haƙarƙari suka riƙa ɗauke farantinsu in na zauna. A wurinsu gara a bar mutum ya mutu a kan kujerarsa da a mai da shi ɗan tsana. Na ce musu ra'ayin nan yana da daɗi ga wanda ba ya cikin keken.

A gida ya daina faɗa da ni, abin da ya fi komai tayar mini da hankali. Ranar da za a fita da keke ba ya karyawa. Ya rame. Da kwantiragi ya ƙare suka kawo sabo, don tsohon ya fi kowane lokaci ban dariya. Shi da kansa ya je ofis ya ce ya gaji. Aka yanka kek, aka ba shi agogo, aka sa ya faɗi ina muka nufa ne sau biyu saboda masu hoto.

Na riƙe shi a gida har ƙarfina ya kasa. Ranar da na same shi a bakin babban titi da rigar barci yana jiran motar kamfani, na san lokaci ya yi. Aka kai shi gidan da ake ajiye tsofaffin 'yan fim. Suna da kirki a can, ba zan yi musu sharri ba. Amma ma'aikatan duk da shirinsa suka girma. In ya zubar da miya su ce kai Kawu Jubal, ba ka dainawa. In ya tambayi inda yake su tafa. Shi kuma da ya ji dariya sai ya ƙara, don jikinsa ya saba, har ni ma wani lokaci ban san wanne nake kallo ba.

Zuwana na ƙarshe ranar Laraba ce da hantsi. Mabry ya riga ya rasu a lokacin. Na sami Hollis a baranda an rufa masa bargo a gwiwa. Na kai masa dafaffen tuffa, tunda shi ne abin da dasashi ke iya yi wa hukunci. Ya ci kaɗan ya ture. Sai ya ce Yaya, da muryarsa ta ainihi, wadda ba ta rawa, wadda na manta yana da ita. Ya ce akwai abin da yake so ya faɗa tun kansa na nan, don ba kullum yake samunsa a gida ba.

Ya ce direba ta igiya yake jin bakin dawakinsa. Kowane doki da yadda yake riƙe ƙarfen linzami, wani yana taunawa, wani yana jingina a kai, wanda zai yi tuntuɓe kana jinsa a yatsa kafin ya yi. Ya ce ranar gangaren nan ya kama igiya, ya kaɗa, bai ji bakin ko ɗaya ba. Nauyi kawai, kamar yana jan buhu.

"Na san hagun ta tafi. Amma ranar har dama. Na ce shi ke nan, hannuwan sun mutu duka. Kuma mun riga mun hau gangara, ga mata a bayana." Ya kalli tafin hannunsa. "Dawakin ne suka kai mu, Yaya, ba ni ba. Allah ne kawai. Na sauko na san ya kamata in faɗa. Ban faɗa ba. Mako ya zagayo na sake hawa. Shekara guda ina ɗaukar 'ya'yan mutane da matattun hannuwa, ina jin suna dariya a ciki, ni ina jiran ranar da zan kashe su. Don kada a ce Hollis Tackett ya kasa. Wane irin mutum ne zai yi haka?"

Wata ma'aikaciya ta zo wucewa da keken magani, ta ga hawaye a gemunsa, ta ce yau kuma wasan kuka ake yi mana, Kawu? Na ce mata ta wuce tun ina ganin mutuncin farar rigarta.

Na zauna ina dubansa. Abu biyu ne a hannuna, kuma duk wanda na ba shi sai na ƙwace ɗayan. In na yi shiru, zai tafi kabari a matsayin direba, amma direban da ya yi caca da rayukan mutane. In na faɗa, babu ran da ya taɓa shiga hatsari, sai dai shekararsa ta ƙarshe ya yi ta ne a matsayin da ya fi rainawa a duniya, kowa na kallo. Kowa ya yi masa ƙarya don yana sonsa, an kuwa ga inda ta kai shi. Ni ban iya wannan irin son ba.

Gaskiyar na gaya masa. Bayan kwana kaɗan ya daina magana gaba ɗaya, kafin in sake zuwa aka bugo waya cewa ya rasu. Don haka ban san yadda ya ɗauke ta ba, ban ma san ko ta kwana a kansa ba. Na dai san ya ji, don yatsunsa sun daina motsi a kan bargon. Ranar na matso da kujerata, na kama hannun daman, na sa shi ya kalle ni.

"Hannunka na dama lafiyarsa ƙalau ranar, gaskiya ya gaya maka. Babu bakin da za ka ji, don a zobe aka ɗaure igiyarka. Cletus na kwance a ƙarƙashinka, ranar da duk ranakun da suka biyo baya, kuma ni na sa shi. Ba ka ɗauki ran kowa ba, Hollis, ba a ba ka ba. Shirun da ka yi naka ne, wannan kai da Allah. Amma matan nan duk suna gidajensu, 'yar Nadine har ta shiga makaranta. In za ka ji haushi, ga ni, ka ji nawa, ka bar hannun nan ya huta."